Shagon da Ba a Sayar da Gishiri

Duk wanda ya yi sayayya a Tudun Wada shekarun baya ya san shagon kawuna, ko da bai san sunansa ba. Saje ake ce masa saboda tsohon soja ne, da ya sauke farali aka koma Alhaji Saje. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kayan masarufi yake sayarwa a sari: sukari, fulawa, shinkafa, man gyaɗa, sabulu, ashana, madarar gwangwani, har maganin sauro. Abu ɗaya ne ba za ka samu a wurinsa ba, gishiri. Ka ji fa! Mutum ya cika shago har rufi, masu kanti suna zuwa daga Kwangila da ƙauyuka, su gama lodi a wurinsa, sannan su tsallaka titi su sayi gishiri a hannun wani. Ciniki yana wuce shi yana kallo.

Tsokana kuwa ya sha ta. Wasu su ce maganin bindiga aka ba shi a soja, sharaɗinsa ke nan. Wasu su ce taurin kai ne kawai irin na tsofaffin sojoji. In an tambaye shi sai ya ce, "Ba ya karɓata," ya ci gaba da abin da yake yi. A miya yana ci, bai taɓa hana a sa ba. Buhun ne ba ya son gani. Ni kaina, da na fara koyarwa a firamare na ga ni ma na zama mutum, na taɓa zaunar da shi ina yi masa lacca a kan kasuwanci. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Malam, alli nawa ka sayar yau?" Na tashi da haushi, na yi mako biyu ban leƙa shagon ba.

Dogo ne, har ya tsufa bayansa bai ranƙwafa ba. Kunnensa na dama ya mutu tun a fagen daga, don haka in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta hagu. Katan-katan ɗinsa a jere suke reras, wanda ya karkace ko yaya sai ya tashi ya gyara. Yana da ɗanyen saurayi ya shiga soja, ya yi yaƙin basasa a kudu, ya ƙara wasu shekaru a bariki, sannan ya ajiye kaki ya dawo Zariya ya kama tebur, teburin ya zama shago. Iyakar abin da muka sani ke nan. Abokansa tsofaffin sojoji kan zo su zauna a bencin ƙofar shago, su yi ta labarin gadoji da ramuka, kowa shi ne jarumin. Da sun fara sai Kawu ya tuna akwai sabulun da bai jera ba.

Bango ɗaya ya raba shagonsa da na Madam. Ibo ce, Kirista, tana amarya mijinta ya kawo ta Zariya, shi yana sayar da kayan mota, ita tana sayar da robobi da bokitai da kulolin abinci. Mijin ya rasu ya bar ta da yara huɗu, kowa ya ɗauka za ta tattara ta koma gida, ta ce ina, nan ne gida. Hausarta ta fi ta wasu da aka haifa a cikin ganuwa, in tana ciniki sai ta tsige ka tas kana dariya. Tana da cindo a hannun hagu, ɗan ƙaramin yatsa na shida a gefen ƙaramin. Yara in suna kallo sai ta miƙa musu shi ta ce, "Ku taɓa, ba ya cizo, gadon uwata ne."

Akwai shekarar da gari ya rikice, aka yi ƙone-ƙone, wanda ba ɗan nan ba kowa ya nemi inda zai sa kansa. Da tsakar rana Kawu ya kwashi Madam da 'ya'yanta ya shigar da su gidansa, ya ɗauko benci ya gindaya a bakin zaure ya zauna, sandarsa a kan cinya. Samari suka zo da gorori, ya ce musu wanda ya gaji da duniya ya matso. Kwana huɗu suna ɗakin Hajiya, matarsa. Tun daga ranar Madam ta daina ce masa Alhaji, ta koma Baba. Da Babbar Sallah cinya guda tata ce. Da Kirsimeti ita za ta kawo kajinta ya yanka mata da hannunsa, don gidansa su iya ci in ta dafa.

Abu ɗaya na lura da shi, ban kuma ba shi muhimmanci ba. Bai taɓa karɓar komai daga hannunta ba. Ko makulli ta miƙo, sai ya ce, "Ajiye nan." Na ɗauka tsantsenin addini ne.

Labarin ya zo mini ne da damina, shekara uku da suka wuce, bayan likita ya gaya masa jininsa ya hau sosai. Ya ce in kai shi gonarsa ta Dutsen Abba a babur ɗina, yana son ganin masara. Muka je, bai ko dubi masarar ba. Ya zauna a gindin ɗorawa, ya ce in dawo ta hagunsa. Ba zan manta ba, yana magana yana tsinka ciyawa da yatsu, bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Ya ce lokacin yaƙin an ajiye su a bakin wani rafi, su tsare mashigi. A ƙetare yunwa ake yi, gishiri ma ya gagara, sai mata su riƙa satar hanya suna tsallakowa su saya su koma. An ba su umarni kada wanda ya wuce. Wata safiya wata mata ta ɓullo daga cikin ciyawa da goyo a bayanta, ta nufi ruwa. Ya daka mata tsawa ta tsaya, ta sheƙa da gudu, ya harba. Da ya isa kanta ta riga ta cika. Ya kwance zanen goyon, yana tsammanin ya haɗa da jariri. Ba jariri ba ne, ƙunshin gishiri ne ta goya, jini ya jiƙa shi.

"Ka san abin da na yi, Malam?" in ji shi. "Hamdala na yi. Na kashe baiwar Allah, ina tsaye a kanta ina hamdala wai ba yaro ba ne."

Shi ya haƙa mata rami da shebur ɗinsa, a bayan wata makaranta da rufinta ya yaye, gindin mangwaro. Da ya kama hannunta zai ja ta, sai ya ga yatsu shida.

Nan na fara gane inda aka dosa, kuma wallahi ban so a ƙarasa ba. Ya ce shekaru da yawa bayan haka, wata rana ruwan sama ya tsare su a barandar shago, Madam tana hira da wasu mata, shi yana gefe. Ta faɗi sunan garinsu, ta faɗi sunan rafin. Ta ce tana da shekara bakwai uwarta ta fita da safe neman gishiri, ta ce mata kafin rana ta take za ta dawo. Ta zauna a bakin hanya tana jira, har yau. Ta ɗaga hannunta ta ce irinsa ne sak da na uwar. Ta ce ba mutuwar ce take ci mata rai ba, kowa zai mutu, rashin sanin inda uwarta take kwance ne.

Sai na fara abin da na iya, wato gardama. Na ce masu cindo nawa ne a duniya? Na ce yaƙi ne, umarni aka ba ka, wanda ya ba da umarnin shi zai amsa. Ya bar ni na gama, kamar dai ranar laccar kasuwanci, sannan ya ce, "Garin ɗaya, rafin ɗaya, hannun ɗaya. Kai ka harba ko ni?"

Ya ce ya tambayi malamai ba tare da ya kama suna ba, duk amsar ɗaya ce: haƙƙin mutum sai mutum ya yafe, jini kuma na magada ne. Ya yi azumi, ya yi sadaka, ya yi kuka a gaban Ka'aba, abin yana nan daram. Ya ce ba iyaka sau nawa ya fito daga gida da niyyar yau zai gaya mata. Da ta ce, "Baba, ina kwana," sai bakinsa ya mutu.

"Ni da na shiga wuta ban juya ba, gaisuwar mace ta gagare ni," in ji shi. "To ga abin da nake so. In na kasa har ta Allah ta matso, kai ne bakina. Ka gaya mata duka, har inda na binne ta. In ta ga dama ta yafe, in ta ga dama ta tsine mini, nata ne. Amma ta sani tukuna."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce yana da 'ya'ya maza har uku, masu gemu, don me sai ni? Ya ce, "Su rufa mini asiri za su yi. Kai kuwa tun kana yaro bakinka ba linzami." Ya sa na maimaita sunan garin da na rafin har sau uku, kamar mai biya wa ɗalibi karatu. Na ce to, in sha Allahu, irin in sha Allahun da mutum ke yi don a tashi a tafi gida.

Wata huɗu bayan nan ya yanke jiki ya faɗi a shago, yana ɗaga katan ɗin madara da ba wanda ya sa shi. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya, sai wani gurnani da ba a gane komai a ciki. Amma hankalinsa garau, idonsa yana bin kowa. Da aka sallamo shi daga asibiti ya yi ta nuna ƙofa da hannun hagu, kwana da kwanaki, har Hajiya ta gane. Ta ce kasuwa yake so a kai shi, ya nemi gafarar mutane. 'Ya'yansa suka miƙe za su ɗauke shi, ya girgiza kai, ya nuna ni.

Kowa a nan ya san yadda ake yin wannan. Mai tafiya Makka, ko wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, sai ya bi maƙwabta da abokan hulɗa ya ce a yafe masa. Maganar a haddace take, amsar ma a haddace. Ba a tambayar me aka yi, tambayar ma rashin kunya ce. Kafin ka rufe baki an ce ba ka yi komai ba, an yafe duniya da lahira, Allah ya yafe mu baki ɗaya. Al'ada ce mai kyau, ban taɓa ganin aibunta ba sai a ranar.

Na ɗauki shatar keke, muka tallabe shi muka zaunar, na zauna a gefensa ina riƙe da kafaɗar da ta mutu. Muka fara daga mai nama, muka bi ta kan tela, da mai gyaran agogo, da mai gishirin tsallaken titi da ya ci arzikinsa shekara da shekaru. Ko'ina ni ke magana, su amsa, wasu da ƙwalla. Kawu bai ko kula su sosai ba, kai kawai yake gyaɗawa, idonsa na can gaba. Kafin mu iso shagon Madam mutane kusan goma sun biyo keken a ƙafa.

Tana cikin ciniki da wasu mata biyu masu haɗa kayan ɗakin amarya, matar ɗanta na sauko musu da kuloli. Da ta hango mu ta watsar da komai ta fito da gudu, ta durƙusa a ƙasa a bakin keken tana cewa, "Baba! Wayyo Baba, haka ka koma?" Sai ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama nata na hagu. Shekara sama da talatin suna bango ɗaya, ranar ya fara taɓa hannun nan. Ya riƙe gam, babban yatsansa a kan cindon. Sannan ya juyo ya dube ni.

Na san abin da kallon yake nufi, ba zan yi ƙarya in ce ban gane ba. Na buɗe baki. Na dubi matan nan biyu da kuloli a hannu, na dubi tela da mai nama, na dubi Madam tana kuka saboda mutumin da take kira Baba. Na ce a raina yanzu a tsakiyar titi zan ce mata wannan ne ya harbe uwarki? Gobe me za a ce a Tudun Wada? Da wane ido 'ya'yansa za su buɗe shago? Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Tsoro na ji, shi ke nan.

Na ce, "Madam, Baba ya zo neman gafara ne. Zaman tare na shekaru, in akwai abin da ya yi miki, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba, ki yafe masa."

"Haba Baba!" in ji ta. "Me ka taɓa yi mini in ban da alheri? Kai da ka tsare mini 'ya'ya? Na yafe, duniya da lahira na yafe. Ni ce ma zan ce ka yafe ni."

Jama'a suka ɗauka, Allah sarki, Allah ya yafe mu baki ɗaya. Kawu ya fara gurnani da ƙarfi, yana jijjiga hannunta, yana dukan ƙarfen keken da ƙafarsa mai lafiya, hawaye da yawu suna zuba a gaban rigarsa. Mai nama ya ce, "Kun gani, abin ya taɓa shi, zaman amana ke nan." Ni kaɗai na san ba godiya yake yi ba. Na ce wa mai keke mu tafi, ya gaji. Bai saki hannun ba. Ni na sa hannuna na ɓamɓare yatsunsa daga nata, ɗaya bayan ɗaya, mutumin da ya goya ni a wuya ya kai ni kallon jirgin ƙasa.

A hanya na zagayo da bakina wajen kunnensa na hagu na ce, "Kawu, mutane sun yi yawa ne. Gobe zan koma ni kaɗai in same ta." Bai juyo ba, titi yake kallo har muka isa gida.

Daga ranar bai ƙara karɓar koko daga hannuna ba. In na yi sallama na shiga ɗakin sai ya rufe ido, in na fita ya buɗe, Hajiya ce ta gaya mini, tana mamakin me ya haɗa mu. Goben kuwa ba ta zo ba. Ranar farko masu duba makarantu suka zo mana, ta biyu babur ya ƙi tashi, ta uku na je har bakin layin na hango ta tana dariya da wata mai sayayya, na juya. Kwana goma sha ɗaya ina wannan wasan. A na goma sha biyu, da hantsi, ina cikin aji aka kira ni a waya aka ce Kawu ya cika.

An yi jama'a sosai, har titi ya toshe. Madam ta rufe shagonta kwana uku, ta yafa mayafi ta zauna cikin mata tana karɓar gaisuwa kamar 'yar gida, ita ta tsaya a kan tukwanen abincin baƙi. A makabarta na ji wani dattijo yana cewa Alhaji Saje ya yi dace, ya zagaya ya nemi gafarar kowa da ransa, ya tafi a wanke. Wani ya dafa ni ya ce Allah ya yi mini albarka da na kai shi. Na ce amin, me zan ce?

Ba a yi arba'in ba 'ya'yansa suka sauke motar gishiri. Ban ga laifinsu ba, ba su san komai ba, kuma kasuwa suke yi. Amma da na shiga na tarar an jera buhunan a jikin bangon da ya raba su da Madam, sai na kasa zama, na ce ina da uzuri.

Na je wurin malamai biyu, ni ma ban kama suna ba. Na farko ya ce tunda an ce wanda ta sani da wanda ba ta sani ba, kuma ta amsa da bakinta, magana ta ƙare. Na biyu ya ce a'a, abin da in ta ji shi wataƙila ba za ta yafe ba, yafiyar jimla ba ta ɗauke shi. Na fi son amsar na farkon. Amma Kawu da na biyun ya yarda, na ga haka a idonsa a cikin keke, kuma ni ma da shi na yarda.

Bara gwiwoyin Madam suka matsa mata, 'ya'yanta suka ce ta huta ta koma gida. Da na ji ranar tafiyar na zauna na rubuta a takarda: sunan garin, sunan rafin, makarantar da rufinta ya yaye, gindin mangwaro. Na ce ko bakina ya mutu irin nasa, hannuna zai iya miƙawa. Na ninke na sa a aljihun gaba, na hau babur na tafi.

Na same ta a kan kujerar roba a ƙofar shagon, an gama ɗaure kaya a mota. Ta tsufa ita ma, gashin duk ya yi fari. Ta ce, "Malam, ka zo? To, zan je in kwanta kusa da babana, tunda ita Mama ba wanda ya san inda take." Kafin in ce wani abu ta kama hannuna da nata na hagun, ta ce, "Zama ya yi tsawo. Abin da na yi maka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, ka yafe ni."

Na ce ba ta yi mini komai ba, na yafe. Na ce, "Ni ma ki yafe ni, Madam."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Kai ma irin na kawunka? Wai me kuka yi mini ne, ku mutanen gidan nan?"

Ta tsaya tana dubana, da sauran dariyar a fuskarta, kuma wallahi jira take yi. Ba jama'a a wurin, ba mai nama, ba masu sayen kuloli, daga ni sai ita. Na hana kawuna abu ɗaya da ya taɓa roƙona a duniya, ga shi an sake ba ni dama a arha. Ina jin takardar a ƙirjina.

Na ce, "Ba komai, Madam. Allah ya kiyaye hanya."

Ɗanta ya kama ta ya shigar da ita gaban mota, ta ɗago mini hannu ta taga. Na tsaya har suka sha kwana, sannan na tayar da babur na koma gida Kwangila da takardar a aljihu.